Sai Juma'a Banki Zai Buɗe

SHAFI NA 19

Jama'ar gidan nan na ga saƙonninku, har da masu cewa za su biyo ni gida in ban faɗi inda kuɗin shanun Dabo suka shige ba. Wuta ce aka ɗauke mana, waya ta mutu. Ku gyara zama. Wadda take da miya a kan wuta ta sauke tukuna.

* * *

Likita ya tsaya a bakin gado. Ya ɗaga 'yar kwalbar da ya ɗebi jinin Dabo a ciki, ya karkata ta. Jinin ya gangaro tsululu kamar ruwan zoɓo.

"Kin gani ko, Malama? Da allurar jiya ta ci ƙarfin dafin, da yanzu ya daskare kamar hanta."

Maijidda ta kalli kwalbar, ta kalli mijinta. Ƙafar da kububuwa ta sara jiya da safe, yana tattara kara a gonar fadama, ta kumbura ta yi turmi. Leɓɓansa sun bushe. In ya buɗe baki sai ka ga ja a tsakanin haƙoransa.

"Likita, ba an yi masa allurar ba?"

"Kwalba ɗaya aka yi. Uku nake so a ƙara."

"Uku?"

"Uku. Mu nan ba mu da ita, tun kafin azumi ta ƙare. Sai kemis ɗin bakin titi."

"Zuwa yaushe?"

Ya cire tabarau ya murza idonsa. Shi ma da azumi a bakinsa.

"Rai na Allah ne. Amma in ni kika tambaya, a yau nake son ta. Jinin da kike gani a bakinsa ba shi ne abin tsoro ba. Wanda ke zuba a ciki, inda ba ma gani, shi ne."

Ya wuce gadon gaba.

Maijidda ta zame ta zauna a ƙasa. Kuɗin kwalbar jiya ma da ƙyar aka haɗa. Awakinta biyu ta kai wa mahauci ya yi musu kuɗin wulaƙanci, don ya ga idonta ya rufe. Sauran kuma Khalilu, ƙanen Dabo, ya cika. Yanzu a gidan me ya rage? Kaji ne, da buhun gero ɗaya da ake ta lallaɓawa ya kai su damina.

Yaya Rahmatu, babbar yayar su Dabo, wadda ta kwana tana yi masa fifita, ta ajiye maficin.

"Ke Maijidda, wai kuka za ki zauna yi? Ina kuɗin shanu?"

"Yaya, na tambayi Khalilu jiya. Ya ce in bari tukuna."

"Ki bari har yaushe? Har a sa masa likkafani? Duk garin nan wa bai san Dabo ya sayar da shanun huɗarsa bayan kaka, ya ba Khalilu ajiyar kuɗin ba? Ajiya ai don rana irin ta yau ake yin ta."

Dabo ya motsa a kan gado. Muryarsa can ƙasa.

"Ku bar… Khalilu."

"Yi shiru kai dai," in ji Yaya Rahmatu. "Kullum ku bar Khalilu, ku bar Khalilu. Tun yana yaro haka kake ɓata shi."

Maijidda ta miƙe. Ta gyara hijabinta, ta ɗaure zani tamau.

"Malam, ka yi haƙuri. Yau dai ba zan bar shi ba."

* * *

Ɗanbatta ta cika maƙil da hidimar jajibere. Teloli na ta fama, mata da lalle a hannu suna tafiya a tattale, mahauta sun rataye nama ana kallo ana wucewa, don bana mai iya saye kaɗan ne. Rana kuwa kamar ta sauko ƙasa. Maijidda ba ta ga ko ɗaya ba. Tasha kawai ta nufa, inda Khalilu ke kafa lemarsa yana cire wa mutane kuɗi da na'urar POS.

Ta tarar da shi shi kaɗai, ya kife na'urar a kan tebur, ya haɗa kai da gwiwa.

Yana ganinta ya miƙe zumbur.

"Yaya Maijidda. Ya mai jiki? Yanzu nake shirin zuwa."

"Jiki ga shi nan yana zubar da jini. Likita ya ce kwalba uku."

"Innalillahi."

"Ba ni kuɗin yayanka."

"Zauna mana, ga benci."

"Ban zo zama ba."

"Yaya Maijidda…"

"Khalilu, ni na yi maka wanki kana makaranta. Ni na dafa abincin bikinka. Ban taɓa ɗaga maka murya ba, wasa ne tsakanina da kai. Yau babu wasa. Ba ni kuɗin shanu."

Ya kalli hagu ya kalli dama. Direbobi biyu da ke kwance a inuwar mota sun fara ɗago kai.

"Don Allah rage murya."

"Ka ci su ne?"

"Wallahi ban ci ba."

"Caca ka yi?"

"Subhanallahi! Da azumi a bakina?"

"To suna ina?"

Ya kau da kai.

Ta matso ta kama gaban rigarsa. Ita kanta ba ta san hannunta ya kai ba.

"Suna ina, Khalilu?"

"Suna Legas."

Ta sake shi a hankali.

"Legas? Wa ka ba a Legas?"

"Ba mutum ba ne. Kamfani ne. Hannun jari aka saya."

"Hannun me?"

"Hannun jari. Wani kamfani ne mai yin fulawa da taliya. Sai ka sa kuɗinka, ka zama kana da ɗan rabo a cikinsa. In shekara ta zagayo suka yi lissafi, sai su raba riba, kowa daidai abin da ya sa."

"Kuɗin ruwa ke nan! Ka kai dukiyar yayanka gidan kuɗin ruwa!"

"Ba kuɗin ruwa ba ne, kasuwanci ne. Sai da muka tambayi malamai."

"Muka? Kai da wa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni da Yaya."

Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta dariya ba.

"Ƙarya kake. Don ka ga yana kwance ba ya iya magana."

"Ki je ki tambaye shi. Shi ya zo ya same ni a nan, a kan bencin nan. Ya ce, Khalilu, kuɗin nan narkewa suke yi a hannuna. Ranar da na sayar da shanu biyu, kuɗin shanu biyu ne. Yau ko ɗaya da maraƙi ba za su saya ba. Kwanon masara kullum da sabon farashi, taki ya fi ƙarfin talaka. Ya ce in nemo masa inda kuɗi za su riƙa motsi. Ni kuma na haɗa shi da wani dillali a Kano."

"Ni kuma fa? Itace ce ni a gidan?"

"Ya ce kada in gaya miki. Ya ce za ki hana."

"Da na hana mana!"

"Shi ya sa."

Ta dafa tebur. Shekara nawa suna tare, ko kaza Dabo ba ya sayarwa sai ya ce, Maijidda me kika gani. Ashe babbar ce ya ɓoye.

Ta haɗiye abin da ya taso mata. Wannan faɗan na wata rana ne, in Allah ya sa akwai wata ranar.

"To na ji. Ribar fa? Ka ce ana raba riba."

"Ana rabawa. Ta ma isa allurar."

"Yaushe?"

Ya ɗauko waya, ya duba, ya mayar aljihu kamar ta ƙona shi.

"Yau ce ranar."

"Yau? Alhamdulillahi! To tashi mu je!"

"Ba ta shigo ba."

"Za ta shigo anjima?"

"Ba za ta shigo ba. Hutu ake."

"Hutun me?"

"Hutun Sallah. Kamfanin tun tuni ya sa yau Talata. Sai gwamnati ta ba da hutu Talata da Laraba. In ranar biya ta faɗa a kan hutu, sai ranar aiki ta gaba. Na ce to, Alhamis ke nan, da sauƙi. Jiya kuma ba a ga wata ba, azumi ya cika talatin. Ɗazu da safe aka faɗa a rediyo an ƙara Alhamis a cikin hutun."

"Wato sai yaushe?"

"Sai Juma'a."

"Juma'a," ta maimaita, kamar sunan wani gari ne mai nisa.

"Wallahi tun asuba nake duba wayar nan, ko Allah zai sa su yi kuskure su turo."

"Tsaya, Khalilu. Kada ka raina mini hankali don ban yi boko ba. Bara ranar Sallah ƙanena ya turo mini kuɗi daga Fatakwal, a nan wurinka na karɓa. Hutun bai hana ba."

"Wannan daban. Mutum ne ya turo wa mutum. Wannan kuwa sai ma'aikata sun zauna a ofis, an saki kuɗin daga can, sannan banki ya rarraba wa dubban mutane. Ofishin a kulle yake."

"Kira dillalin."

"Na kira shi sau…"

"Kira shi ina ji."

Ya kira, ya sa a bayyane. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Ana jin iska da ƙarar mota.

"Malam Khalilu, ai na gaya maka ina hanya, zan kai iyali gida Sallah."

"Malam Uwaisu, yi haƙuri. Ga matar Yaya Dabo, ita ke son magana."

Maijidda ta karɓi wayar da hannu biyu.

"Malam, ina wuni. Don girman Allah, mijina ne maciji ya sara. Yana kwance jini na zuba. An ce kuɗinsa na wurinku."

"Ayya, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kuɗinsa na nan lafiya lau, ko sisi bai taɓu ba. Sunansa na cikin waɗanda za a biya. Hutun nan ne kawai ya gitta."

"To a bar ribar. Ku ba mu uwar kuɗin. Ko rabi ne."

"Hajiya, uwar kuɗin ai ba kuɗi ba ce yanzu, hannun jari ne. Sai an sayar. Kasuwar kuma a rufe take, ita ma hutu take."

"In an buɗe fa?"

"In an buɗe Juma'a na sayar, sai an yi kwana uku na aiki kafin kuɗi su fito. Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi. Kin ga tsakiyar mako mai zuwa ke nan."

"Malam, mutum ne fa zai mutu."

"Na sani, Hajiya. Wallahi da abu ne a aljihuna da na ba ki."

"Babu wanda za a kira? Babu babba? Su masu kamfanin ba su da waya?"

"Ko shugaban kamfanin aka tasa daga barci, ba zai iya buɗe banki ranar hutu ba. Kuma gaskiya gara in faɗa miki, Juma'ar ma kada ki sa rai da safe. Wani banki sai yamma. Wani ma in aiki ya taru masa, sai Litinin."

"Litinin…"

"Ku nemi rance a nan kusa, ku ce Juma'a ko Litinin za ku biya. Hajiya, ina tuƙi, ga jami'an hanya a gabana. Allah ya sawwaƙe."

Ƙit.

Ta tsaya da wayar a hannu. Wani yana ta kiran Kano, Kano, saura mutum ɗaya. Wata mata ta wuce da sabon takalmin yaro a leda.

"Kai fa?" ta ce da Khalilu. "Jarinka?"

Ya buɗe jakar da ke ƙugunsa ya nuna mata. 'Yan canji ne a ciki, tsofaffi, duk sun yamutse.

"Jiya na zuba shi a kwalbar farko. Shi ya sa kika ga na kife na'ura. Babur ɗina na kai wa mutum uku tun safe, kowa ya ce sai bayan Sallah. Kasuwa kuma ba ta ci sai Lahadi."

Sai yanzu ta lura idonsa ya yi ja, rigar jiya ce a jikinsa. Ta ji kunyar kama shi da ta yi, amma babu lokacin ba da haƙuri.

"Taho mu je kemis. Ka nuna masa saƙon biyan ribar da kamfanin ya turo."

* * *

Mai kemis ya karanta saƙon tun daga sama har ƙasa, ya miƙo wayar.

"Na yarda gaskiya ne. Amma Hajiya, saƙo ba ya sayen allura."

"Juma'a za mu biya. Ga ƙanensa, kowa ya san shi a tasha."

"Na san Khalilu. Kwalba uku gare ni a firij, su ke nan, kuma ba nawa ba ne, na mai kawo mini ne daga Kano. In na bayar bashi ya ji, ya daina ba ni. Gobe wani ya zo da nasa maras lafiyar in ce masa me?"

Maijidda ta durƙusa a gaban kantar shagon, gwiwa biyu a ƙasa.

"Ka dubi Allah. Ka dubi watan nan."

"Tashi, don Allah tashi, kada ki sa ni a uku." Ya juya kai gefe. "Abin da zan iya ke nan: zan ɓoye muku su zuwa la'asar. Ɗazu ma an zo tambaya daga Kunci, wani Bafulatani maciji ya sara, yana kwance a asibitin nan. Sun tafi neman kuɗi. In la'asar ta yi, wanda ya riga kawowa shi ke da su."

Suka fito.

A bakin titi ta tsaya, ta share fuska da gefen hijabi.

"Tada babur."

"Ina za mu?"

"Gida. Wurin Alhaji Badaru."

Khalilu ya tsaya cak da makulli a hannu.

"Me za mu yi a wurin Alhaji Badaru?"

"Shi kaɗai ne mai tsabar kuɗi a ƙauyenmu. Shekara nawa yana zawarcin gonar fadama? Zan ba shi ita jingina. Juma'a in ribar ta shigo mu fanshe."

"A'a. Mu nemi wata hanya."

"Wace?"

"Mu je wurin liman, a yi shela a masallaci."

"A jajiberen Sallah? Mutanen da zakkar kono ma wasu sai an ba su za su fitar? Ka san abin da za a tara."

"To mu koma asibiti, mu yi shawara da Yaya."

"Yayanka ya gama shawararsa tun bayan kaka. Yau tawa za a bi."

"Yaya Maijidda, ki ji ni. Kada mu je."

"Me ya sa?"

Ya juya makullin a hannunsa.

"In ba za ka kai ni ba, ga 'yan acaɓa nan."

Ya hau ya tada babur.

Hanya duk ƙura da yashi, gonaki a share fes suna jiran ruwa, an tara taki tsibi-tsibi. Sau biyu yana rage gudu kamar zai juya, sau biyu tana cewa, "Mu je."

* * *

Sun sami Alhaji Badaru a ƙofar gidansa, a kan darduma ƙarƙashin dalbejiya. Shi ne mai sayen hatsi da gyaɗa na yankin, duk kaka motocinsa ke kwashe amfanin ƙauyen. An buɗe buhu ana auna zakkar kono, mata da tsofaffi sun yi layi da ƙwarya. Yana ganin su ya ɗaga hannu aka dakata.

Maijidda ta cire takalmi, ta durƙusa daga gefe.

"Barka da hutawa, Alhaji. Ya ibada?"

"Alhamdulillahi. Maijidda ce? Ya jikin Malam Dabo? Na ji abin da ya faru, wallahi ban ji daɗi ba. Da ma ina cewa in an sha ruwa zan aika."

"Jiki sai addu'a, Alhaji. Magana ce da ni, in da hali."

Ya kalli masu layi. "Ku ɗan ja baya."

Suka ja, amma kunnuwa na nan.

Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Jinin da ya ƙi daskarewa, kwalba uku, hannun jari, hutun da aka ƙara, la'asar ɗin mai kemis. Alhaji yana ja da carbi yana gyaɗa kai. Khalilu kuwa ya tsaya can jikin babur, ya ƙi matsowa.

"Hutu kam ya yi muku ba daidai ba," in ji Alhaji. "Ni ma motata na Kano da kaya, an ce sai banki ya buɗe za a biya ni. Zamanin ke nan, kuɗinka a hannun wasu, makulli a hannun wasu." Ya zura hannu a aljihu ya zaro 'yan takardu. "Ungo wannan, a sayi lemo."

Ba ta miƙa hannu ba.

"Alhaji, na gode, amma ba sadaka na zo nema ba. Rance nake so, zuwa Juma'a, in ya yi nisa Litinin."

"Rance a wannan shekarar? Maijidda, wanda na ba bara ma har yau ina bin sa. Na yi rantsuwa ba na ƙara bayarwa hannu sake."

"Ba hannu sake ba ne. Na zo da jingina."

"Me kika kawo?"

"Gonar fadama."

Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Wace fadama?"

"Tamu. Ta bakin rafi, mai iyaka da taka. Na san ka daɗe kana so. Ka riƙe, in ba mu biya ba ka noma ta bana."

Alhaji ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ɗaga kai ya hango Khalilu.

"Kai, zo nan."

Khalilu ya taho kamar ana jan sa da igiya. Ya tsuguna.

"Ba ku gaya mata ba?"

Khalilu ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake. Ba ku gaya wa baiwar Allah nan ba, kuka bar ta ta zo tana durƙusa mini a gaban mutane?"

Maijidda ta ɗago kai.

"Gaya mini me, Alhaji?"

Ya yi ajiyar zuciya, ya rage murya.

"'Yata, ba a jinginar wa mutum da abinsa. Gonar fadama tawa ce."

"Ban gane ba."

"Na saye ta. Wata guda bayan ya sayar da shanu, Malam Dabo ya zo nan da ƙafarsa. Ya ce kuɗin shanu kaɗai ba za su kawo ribar kirki ba, yana so ya haɗa ya zuba gaba ɗaya. Na biya shi lakadan a gaban mai unguwa. Ga ɗaya daga cikin shaidu nan a gabanki."

Ta juya a hankali.

"Khalilu."

Bai ɗago ba.

"Khalilu, ka ce ƙarya ne."

"Ya ce shekara biyu kawai," ya faɗa. "Ya ce in riba ta taru zai sake sayen wadda ta fi ta. Ya sa na dafa Alƙur'ani ba zan faɗa ba."

"Amma jiya a cikinta yake. A cikinta macijin ya sare shi. Sharar me yake yi a gonar da ba tasa ba?"

"Aro na ba shi," in ji Alhaji. "Ya roƙe ni in bar shi ya noma bana, mu raba, don kada gida su gane."

Dalbejiyar ta juya mata, layin matan ya juya. Ta dafa ƙasa da hannu biyu. Gonar da suke ci, gonar da ta yi wa ɗaukar taki a ka har wuyanta ya sage. Tun bayan kaka take kai masa fura gonar wani.

Wata tsohuwa a layi ta ce, "Wayyo, Allah sarki."

Daga masallacin ƙauye aka fara gwada lasifika. La'asar ta kusa.

Alhaji ya gyara zama.

"Ki saurare ni. Ba zan so Dabo ya mutu ina da halin hanawa ba. Kuɗin kwalba uku akwai su a ɗakin nan, yanzu sai a ƙirgo. Amma ni ɗan kasuwa ne, ba na ɓoye miki."

Ta ɗago ido.

"Akwai 'yar gonar nan ta gindin rimi, wadda kika gada wurin mahaifinki, Allah ya ji ƙansa. Ta tsaya mini a tsakiya, motar noma ba ta iya wucewa."

"Ita kaɗai ta rage mana, Alhaji. In ta tafi, ko inda za mu shuka kuɓewa babu."

"Na sani."

"To ka riƙe ta jingina. Juma'a…"

"Juma'ar da dillalinku ma bai tabbatar ba? A'a. Sayarwa. In kin yarda a kira mai unguwa yanzu, ga shi can a masallaci."

"Alhaji, kwana uku ne fa. Hutu ne kawai. Kuɗin na nan, ka ji da kunnenka!"

"Na ji. Suna can, ni kuma nawa suna nan."

Wayar Khalilu ta ɗauki ƙara. Ya zaro ta, ya duba.

"Yaya Rahmatu ce."

Ya kara a kunne. Ko daga inda take Maijidda tana jin ihun. Ta ga fuskarsa ta sauya, ta ga ya miƙe tsaye bai sani ba.

"Me ta ce? Khalilu, me ta ce?"

"Ya fara aman jini. Likita ya ce ina allurar." Ya dube ta. "Kuma ta ce ta hango Fulanin nan na Kunci sun sauka a mota, sun nufi kemis."

Alhaji Badaru ya ajiye carbi a kan darduma.

"Maijidda, a kira mai unguwa, ko a bari?"